Tambayoyi da Amsoshi a Kan Bot, Manhajojin da Ke Gyara Wikipedia da Kansu

Kusan duk zaman koyon gyaran Wikipedia da muka yi a Zariya, ko a Samaru ne ko a Kongo ko Tudun Wada, sai an sami wanda ya ɗaga hannu yana nuno fuskar wayarsa: "Malam, wane ne wannan ya taɓa mini maƙala? Ko minti biyu ban yi da wallafa ta ba." In an duba sai a tarar sunan mai gyaran ya ƙare da "bot". Daga nan tambayoyi ke ɓarkewa, kuma kullum kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tara, har da waɗanda ƙurewar lokaci ba ta barin in amsa su yadda ya kamata a wurin zama.

Shi bot ɗin nan mene ne?

Manhaja ce da wani mutum ya rubuta, ya buɗe mata asusu nata na kanta a wiki, ya ɗora mata aiki guda da za ta riƙa maimaitawa ba tare da ya zauna yana danna mata ba. An gutsuro sunan ne daga kalmar Turanci ta mutum-mutumi, amma babu wani ƙarfe mai hannu da ƙafa. Umarni ne rubutacce da ke gudana a wata kwamfuta, yana shiga wiki ta ƙofar da MediaWiki, wato manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, ta tanadar wa manhajoji, ya karanta shafi, ya canza abin da aka ce ya canza, ya ajiye, ya wuce na gaba.

Nakan kwatanta shi da injin niƙa. Abin da mace za ta wuni tana daka a turmi, inji zai gama kafin ta gyara goyo. Amma in da tsakuwa a cikin hatsin, da ita zai niƙa. Kuma in gari ya fito da ƙasa-ƙasa, ba injin ake tuhuma ba, mai injin ake nema. Haka dokar take a Wikipedia: duk abin da bot ya aikata yana wuyan wanda ke tafiyar da shi.

Wane irin aiki suke yi da mutum ba zai iya ba?

Yawancinsa aikin da mutum zai iya ne, sai dai zai gaji ya bari. InternetArchiveBot yana bin mahaɗan da aka kafa hujja da su, in ya tarar shafin jaridar ya mutu sai ya nemo kwafinsa a rumbun Wayback Machine ya maye gurbinsa. A shekarar 2018 masu rumbun suka sanar cewa an ceto matattun mahaɗai fiye da miliyan 9 a Wikipedia. Duk wanda ya taɓa kafa hujja da labarin jaridar Najeriya, ya dawo bayan shekara biyu ya tarar shafin ya ɓace, ya san darajar wannan aikin.

CommonsDelinker kuwa yana cire sunan hoton da aka goge daga Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke ɗauka daga ciki, don kada maƙala ta zauna da ramin hoto. Akwai masu daidaita shafukan turawa, wato waɗanda ke kai mai karatu daga wani suna zuwa ainihin maƙala, in sun zama biyu a jere, akwai masu kwashe tsofaffin tattaunawa su kai ma'ajiya, akwai ListeriaBot mai haɗa jeri daga bayanan Wikidata, rumbun bayanai da Wikipedia ta kowane harshe ke amfani da shi.

Da can aikin da ya fi cinye ƙarfin bot-bot shi ne haɗa maƙala da takwarorinta na sauran harsuna. In an rubuta "Zariya" da Hausa, sai an bi shafin Turanci da na Larabci da na Faransanci, kowanne a ƙara masa layin da ke nuna na Hausa. An buɗe Wikidata a watan Oktoba na 2012, a 2013 kuma aka mayar da waɗannan mahaɗai can wuri guda, wannan wahala ta kau.

Ta yaya zan gane gyaran bot ne ba na mutum ba?

Duba tarihin shafin. Ƙa'ida ce sunan asusun ya nuna cewa bot ne, kuma shafinsa ya faɗi wanda ke tafiyar da shi da aikin da aka yarje masa. Wanda al'umma ta amince da shi ana ba shi tuta. Amfanin tutar shi ne gyare-gyarensa ba sa cika jerin sauye-sauyen baya-bayan nan, sai in kai ka zaɓi a nuna maka su, kuma a can za ka ga ƙaramin harafin "b" a gefensu.

Wanda ya zo yin ɓarna ba zai rubuta "bot" a sunansa ba. Shi da halinsa ake gane shi: gyara ashirin cikin minti guda, kalmomi iri ɗaya a shafukan da ba su da alaƙa, kuma in an yi masa magana ba ya amsawa.

Da gaske ne akwai bot da ke kama ɓarna cikin daƙiƙoƙi? Mu me ya hana mu samun irinsa?

Da gaske ne. ClueBot NG yana aiki a Wikipedia ta Turanci tun 2010. An ba shi dubban gyare-gyaren da mutane suka riga suka tantance, wannan ɓarna ne, wannan ba ɓarna ba, har ya koyi kamannin ɓarna. Kowane sabon gyara sai ya ba shi maki, in makin ya haye wani mizani sai ya mayar da shafin yadda yake. Masu shi sun ɗaga mizanin da gangan, suna neman kada kuskurensa a kan gyaran kirki ya wuce ɗaya cikin dubu. Sun yarda ɓarna da yawa ta wuce shi mutane su kama, a kan ya riƙa korar sababbin masu gyara da ba su yi laifi ba. Wannan zaɓin nasu ya burge ni fiye da saurin bot ɗin.

Abin da ya hana mu shi ne Turanci ya koya. Bai san zagin Hausa ba, balle habaici. In wani ya shiga maƙalar wani basarake ya sauya kalma ɗaya ta koma gugar zana, babu abin da zai nuna masa. Kafin a sami irinsa da Hausa sai an sami Hausawan da za su zauna su tantance gyare-gyare masu yawa da hannu. Gidauniyar Wikimedia, mai ɗaukar nauyin Wikipedia, ta fito da wata manhaja mai suna Automoderator da ba ta dogara da harshe guda ba, wadda kowace al'umma ke da zaɓin kunnawa, amma ita ma ɓarnar fili ta fi kamawa. A yanzu abin da ke tsare ƙananan wiki irin tamu shi ne idon masu gudanarwarmu, wato masu gyaran da al'umma ta ba ikon goge shafi da toshe asusu, da wasu 'yan sa-kai na duniya da ke sintiri a ƙananan wiki. Su waɗannan suna gane an share shafi ko an cusa talla, amma ba sa jin Hausa.

To ga aiki a fili: rabin maƙalolinmu babu ƙ, ɗ da ɓ. Me zai hana a sa bot ya bi ya gyara su duka dare ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma ita ce na fi jin tsoron amsarta in ta faɗa hannun mai gaggawa. Damuwar gaskiya ce. Mutane da yawa da waya suke rubutu, allon rubutunsu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, ko suna da su amma ba su saba ba. Mu 'yan Zariya abin ya fi yi mana ciwo, domin a garin nan Hukumar Talifi ta zauna, a nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, a nan aka sha wahalar daidaita rubutun boko. Ganin "kasar Hausa" a shafin da duniya ke karantawa ba daɗi.

Wani ɗalibi ya taɓa zuwa da jerin kalmomi ya shirya tsaf, yana son a saki manhajarsa. Na roƙe shi kafin ta taɓa ko shafi ɗaya, ta fara fito mana da jimlolin da za ta canza mu karanta. Ga irin abin da muka gani.

"An yi hawan Daushe a fadar Zazzau" za ta koma "a faɗar Zazzau", fada ta zama magana. "Ganuwa ta kare birnin daga mahara" za ta koma "ta ƙare birnin". "An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962" za ta koma "an ƙafa". "Bakin kasuwar Sabon Gari" zai zama "baƙin kasuwar". "Ya kasa cin zaɓe" zai zama "ya ƙasa". Sai kuma "bata", wadda a wani wuri "ɓata" ake nufi, a wani wuri kuwa "ba ta" ce aka haɗe. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi daidai take da lanƙwasa, daidai take babu lanƙwasa, jimla ce kaɗai ke raba gardama. Bot mai sauya kalma ba ya karanta jimla.

Ɗalibin ya ce to a tsaya kan waɗanda ba su da tagwaye, irin "kungiya" da "karshe" da "dalibi". Nan ya fi kusa da gaskiya, amma ko nan da sauran rina a kaba. Kalmar tana iya kasancewa cikin sunan fayil ɗin hoto, in an canza ta hoton ya ɓace. Tana iya kasancewa cikin adireshin intanet, mahaɗin ya mutu. Tana iya kasancewa cikin taken labarin jarida da aka kafa hujja da shi, wanda dole a bar shi yadda masu shi suka buga. Ga kuma 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta "ƴ" inda mu muke rubuta "'y". Wikipedia ta Hausa tasu ce kamar yadda take tamu, kuma ba manhajar mutum ɗaya ce za ta yanke wannan hukunci da tsakar dare ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Wikipedia ta Turanci ma ƙa'idarsu ta hana a saki bot yana gyara kuskuren rubutu ba mai dubawa, saboda wannan dalilin. Hanyar da ta dace ita ce ta tsakiya: manhaja ta nemo wurin, ta nuna maka jimlar, kai ka danna "eh" ko "a'a". AutoWikiBrowser haka yake aiki. Mutum ɗaya mai jin Hausa zai iya duba ɗaruruwan wurare a zama guda ta wannan hanya, kuma fada za ta zauna fada.

Mun ji bot ya rubuta miliyoyin maƙaloli a wasu harsuna. Ba haka za mu yi mu wuce sa'a ba?

An yi, kuma yana da kyau a san yadda ta kaya. Na farko da ya yi suna shi ne Rambot. A watan Oktoba na 2002 Derek Ramsey ya ɗauki alƙaluman ƙidayar Amurka ta 2000 ya zuba su cikin jimloli shiryayyu, ya samar da maƙaloli wajen 30,000 na garuruwan ƙasar. Wikipedia ba ta cika shekara biyu ba a lokacin. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma da yawa daga cikin maƙalolin sun rayu, domin mazauna garuruwan sun zo daga baya sun zuba tarihi da hotuna.

Sai Lsjbot na Sverker Johansson, wani malami ɗan Suwidin. Nasa ya shafi dabbobi da tsirrai da sunayen wurare, da harshen Suwidin da harsuna biyu na ƙasar Filifin, Cebuano da Waray. A rana mai kyau yakan samar da maƙala har 10,000. Yau Wikipedia ta Cebuano tana da maƙala fiye da miliyan 6, ita ce ta biyu a yawa bayan ta Turanci, alhali masu gyara ta na yau da kullum ba su taka kara sun karya ba. Mutanen Suwidin kuwa daga baya sun dakatar da abin, suka koma suna goge da yawa daga cikin maƙalolin wuraren, saboda kurakuran da ke cikin rumbun da aka kwaso bayanan.

Bambancin biyun shi ne ko akwai mutanen da za su bi bayan inji. Mu ɗauka wani ya sami jerin ƙauyukan ƙananan hukumomin Giwa da Soba da Kudan da Makarfi, ya saki bot. Gobe da safe muna da sababbin maƙaloli dubu, kowace layi biyu: "Wuri kaza ƙauye ne a ƙaramar hukuma kaza a jihar Kaduna." Sunayen kuwa yadda wani ma'aikacin safiyo ya ji su ya rubuta, Unguwar ta zama "Ungwan" ko "Angwa", ƙauye ɗaya ya fito sau uku da rubutu uku. Unguwar Sarki nawa ce a ƙasar Zazzau? Wa zai bi ya rarrabe? In mu ashirin ne masu dubawa, mun ɗauko wa kanmu aikin shekaru, kuma yaron da ya nemi ƙauyensu ya tarar da layi biyu da suna a karkace ba zai sake dawowa ba. Taron tsintsiya ne ba shara.

Ban ce kada a taɓa yi ba. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne, na Kaduna 23, sunayensu da hedikwatocinsu sanannu ne, kuma adadi ne da za a iya dubawa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan, in al'umma ta tattauna ta yarda, Bahaushe ya tsara jimlolin, aka raba wa mutane su bi baya, yana da amfani. Lissafin da nake so a riƙa yi kafin a fara shi ne maƙala nawa za mu iya karantawa a wata. Akwai kuma aikin Abstract Wikipedia, mai neman a riƙa gina jimloli daga bayanan Wikidata da nahawun kowane harshe, kuma a 2021 an zaɓi Hausa cikin harsunan da za a fi mayar da hankali a kansu. Mai sha'awar inji ya rubuta Hausa daidai, can ake bukatarsa, wajen shigar da kalmomi da jinsinsu da jam'insu.

Wanda ke kwafo fassarar Google ya manna, shi ma bot ne?

A ƙa'ida ba bot ba ne, tunda da hannunsa yake dannawa. A sakamako kuwa ɗan'uwansa ne, kuma a ganina ya fi duk wani bot yi wa Hausa illa a yau. Google ta saka Hausa cikin manhajar fassararta a ƙarshen 2013, kuma ta inganta sosai tun daga lokacin, amma har yanzu takan mayar da mace namiji a tsakiyar sakin layi, ta fassara sunan mutum, ta jero kalmomin Hausa a kan ƙashin Turanci. Lokacin gasa abin ya fi yawa, in an ce wanda ya fi yawan maƙala shi ke da kyauta.

Ɓarnar fili ana ganinta a goge. Wannan kuwa kama da aiki take, sai ta zauna shekaru. Kuma manhajojin fassara da na hira daga rubutun intanet suke koyon Hausa, Wikipedia na cikin manyan wuraren da suke sha. In muka cika ta da gurɓatacciyar fassara, ita za su koya su dawo mana da ita. Yi amfani da fassarar inji a matsayin daftari in kana so, amma karanta kowace jimla da ƙarfi. In ba za ka iya faɗa wa kakarka ita haka ba, sake ta.

Su kuma miyagun bot, me suke nema a wiki?

Mafi yawansu kuɗi. Bot na talla yana yawo a intanet yana neman duk inda aka girka MediaWiki, ya buɗe asusu da sunan da ba shi da ma'ana, ya rubuta 'yan layuka da Turanci a shafin asusun, ya cusa mahaɗi zuwa shafin caca ko maganin ƙarfin maza ko bashin gaggawa. Ba ku yake so ku karanta ba. So yake injin bincike ya ga shafuka da yawa suna nuni zuwa shafin uban gidansa, ya ɗaga shi sama. Wikipedia ta daɗe da sanya wa mahaɗan waje alamar da ke gaya wa injin bincike kada ya lissafa su, amma bot ɗin ba ya tantancewa, harbi yake ko'ina.

Akwai na ɓarna zalla, wanda mai shi ke jin haushin wani ko yake neman suna: ya share shafuka ɗari cikin 'yan mintuna, ko ya sauya musu suna zuwa zagi. Wannan yana da tayar da hankali, amma shi ya fi sauƙin magani, domin wiki ba ta mantuwa, kowane tsohon zubi na shafi yana nan a tarihi. A toshe asusun, a mayar da gyare-gyarensa, sababbin shafukan da ya ƙirƙira kuma akwai kayan aiki mai suna Nuke da mai gudanarwa zai share su da shi gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai sauya lamba ɗaya ya wuce. Shekarar haihuwa ta matsa da biyu, yawan jama'a ya ƙaru da sifili. Ba zagi, ba talla, babu abin da zai ja ido. Maganinsa kawai hujja a gefen kowace lamba, da mutanen da suka sa maƙalar cikin jerin abin da suke sa wa ido.

Da me ake tare su?

Matakai ne a jere. Akwai hoton haruffa karkatattu da ake sa sabon mai buɗe asusu ya karanta. Akwai jerin adireshin da aka haramta, wanda in mahaɗinsu na cikin gyara ba zai ajiyu ba. Akwai AbuseFilter, inda masu gudanarwa ke rubuta sharuɗɗa, misali sabon asusu ba zai share fiye da rabin shafi ba tare da gargaɗi ba. In asusu yana ɓarna a wiki da yawa, wakilan da ake kira stewards suna kulle shi a dukkan ayyukan Wikimedia lokaci guda.

Ga wanda ya girka MediaWiki don sashensu a makaranta ko ƙungiyarsu, kada ka bar ƙofar buɗe asusu a sake ko na mako guda, za ka dawo ka tarar da dubban shafukan talla. Akwai ƙarin manhaja mai suna QuestyCaptcha da ke ba ka damar rubuta tambayarka da kanka. Rubuta ta da Hausa: "Wane dutse ne ya fi suna a Zariya?" Ɗan gari zai rubuta Kufena ya wuce, bot ɗin da aka saki daga wata nahiya zai tsaya nan.

Ni ban yi komai ba, amma an ce an toshe adireshina. Laifin me na yi?

Wataƙila babu. Kamfanonin waya sukan haɗa dubban masu amfani da data a kan adireshin intanet ƙwaya ɗaya, kuma adireshin yana yawo daga hannu zuwa hannu. In bot na talla ya yi amfani da shi, ko aka ga yana kama da hanyar ɓoye kai, sai a toshe shi, toshewar ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Masu gyara daga Afirka sun daɗe suna kuka da wannan, kuma kukansu na kan hanya.

In ta same ka, fara da kashe VPN, wato manhajar ɓoye adireshi, in kana da shi a kunne. Kashe data ka sake kunnawa, wani lokaci adireshin kan canza. In abin ya ci gaba, kwafi saƙon toshewar gaba ɗaya, domin lambar da ke ciki ake bukata, ka nemi a ba asusunka izinin tsallake toshewar adireshi. Masu shirya zaman horo kuma su sani cewa asusu shida kawai ake iya buɗewa daga adireshi ɗaya a cikin awa 24. Mun taɓa tara mutane a ɗaki guda kan intanet ɗaya, na bakwai ya tsaya cak, rabin zaman ya tafi a jira. Tun daga ranar nake roƙon kowa ya buɗe asusunsa daga gida kwana biyu kafin zama.

Bot mai izini ya ɓata mini aiki. Zan iya mayarwa?

Ƙwarai. Ba shi da wani matsayi da ya fi naka. Mayar da gyaran, sannan ka je shafin tattaunawar mai shi ka nuna masa shafin da abin da ya faru, domin in ya yi maka, yana yi wa wasu. In ya ci gaba kuma mai shi bai amsa ba, gaya wa mai gudanarwa ya dakatar da shi. Toshe bot da ya rikice ba cin fuska ba ne, masu su ma sun san haka, shi ya sa da yawa ke ajiye maɓallin kashewa a shafinsu. Abin da ba shi da amfani shi ne ka tsaya kuna ja-in-ja, kana mayarwa yana mayarwa. Shi ba ya barci.

An ce har faɗa suke yi da junansu?

Wasu masu bincike a Jami'ar Oxford sun wallafa nazari a 2017 a kan shekaru goman farko na Wikipedia, suka nuna bot-bot na warware aikin juna, wani lokaci tsawon shekaru. Jaridu suka yi ta yayatawa. A shekarar dai Stuart Geiger da Aaron Halfaker suka sake bin bayanan, suka nuna mafi yawan abin ba rikici ba ne: an sauya wa shafi suna, bot ya zo ya sabunta abin da wani bot ya rubuta shekarun baya. Saɓani na gaske yana faruwa in an ba biyu umarni masu karo da juna, kuma masu su ne ke zama su sasanta.

Akwai waɗanda ba sa gyara komai amma ake kuka da su. Su wane ne?

Masu kwasa ne. Ba sa rubutu, shafuka da hotuna suke zuƙa da yawan gaske, galibi don horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. A watan Afrilu na 2025 Gidauniyar Wikimedia ta ce nauyin sauke hotuna da bidiyo ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari tun daga Janairun 2024, kuma kashi 65 na zirga-zirgar da ta fi cin kuɗi daga bot take. Lasisin Wikipedia ya yarda a ɗauka, har an tanadi kundin da za a sauke gaba ɗaya. Kukan shi ne a bi ta ƙofar da aka tanada, a kuma faɗi inda aka samo.

Ina karanta kimiyyar kwamfuta a Samaru, ina son in rubuta nawa. Ta ina zan fara?

Madalla, muna bukatarka. Amma fara da gyara da hannu na 'yan watanni, har ka san yadda shafi yake a ciki da abin da ke ɓata wa mutane rai. Sannan ka koyi Pywikibot, tarin kayan aiki ne da harshen Python wanda ya riga ya san yadda ake shiga da karantawa da ajiyewa. Ba sai ka bar kwamfutarka a kunne kana fargabar ɗauke wuta ba, Wikimedia tana da Toolforge inda 'yan sa-kai ke ajiye manhajojinsu kyauta.

Buɗe masa asusu daban mai "bot" a sunansa. Kada ka rubuta kalmar sirrinka ta ainihi a cikin manhajar, akwai kalmar sirri ta musamman da ake yi wa bot mai iyakantaccen iko. Gwada shi a shafin gwajinka. Sannan ka kai maganar zauren al'umma da Hausa: ga aikin, ga shafukan da zai taɓa, ga misali. Yi gwaji kaɗan, kamar gyara 50, ka tsaya mutane su duba. Ƙa'idar da yawancin wiki ke bi ita ce wanda bai sami tuta ba kada ya wuce gyara ɗaya a minti, mai tuta kuma ya bar aƙalla daƙiƙa 5 tsakanin gyara da gyara. In za ka tafi hutu ko bautar ƙasa inda ba za a same ka ba, kashe shi kafin ka tafi.

Wane aiki kake ganin ya fi dacewa bot na farko ya yi mana?

Wanda ba ya taɓa maƙala ko ɗaya. Ya bi Wikipedia ta Hausa kowane dare, ya rubuta rahoto a shafi guda: ga maƙalolin da ba su da hujja ko ɗaya, ga waɗanda har yanzu akwai sakin layi na Turanci a cikinsu, ga waɗanda ba a haɗa su da Wikidata ba, ga biyun da ake zaton abu ɗaya ne aka rubuta da "k" da kuma "ƙ", ga sababbin asusun da suka cusa mahaɗin waje a gyaransu na farko. In ya yi kuskure, layi ɗaya ne a rahoto, wani zai tsallake shi.

Da irin wannan jerin a hannu, zamanmu na Asabar zai canza. Maimakon kowa ya zo yana tambayar me zai rubuta, sai a raba: ke ɗauki goman farko na unguwannin cikin ganuwa, kai ɗauki na makarantu, Barewa da Alhudahuda da sauransu, wanda ya iya Larabci ya duba na malamai. Ɗalibin nan mai jerin kalmomi shi ya fara rubuta irinsa, kuma rahotonsa na farko bai wuce kalma ɗaya ba, duk wuraren da "fada" ta fito, kowanne da jimlarsa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya.